Hinjis mai haidirolik na kabet ɗin kicin: ya ci kuɗinsa, amma layin durowa sai an duba

Daga Dambatta zuwa Ringim da Wudil, kabet ya shiga sahun kayan kicin ɗin amarya, kuma ƙorafin da aka fi yi a kansa shi ne ƙofa mai buguwa. Yaro ya saki ƙofa ta bugu, tangaran ya girgiza, a kwana a tashi sukuru ya saki katako. Abin da ake sa wa don maganin wannan shi ne hinjis mai haidirolik, irin wanda ake shigowa da shi daga Sin, ana sayar da shi bibbiyu a leda a shagunan kayan kafinta na Sabon Gari da Ƙofar Ruwa a Kano. A cikin hannunsa akwai ɗan bututu cike da mai. Sifirin na jan ƙofar, man na riƙe ta, sai ta ƙarasa rufewa da kanta ba ƙara.

Yana aiki, kuma ya cancanci kuɗinsa, muddin an sayi wanda ya dace da ƙofar. A nan ne aka fi tafka asara. Hinjis ɗin iri uku ne: mai miƙaƙƙen hannu, na ƙofar da ta rufe gefen kabet gaba ɗaya, mai ɗan lanƙwasa, na ƙofofi biyu da ke kan katako ɗaya a tsakiya, da mai lanƙwasa sosai, na ƙofar da ke shigewa cikin kabet. Wanda zai tura saƙo birni ta hannun direba, gara ya kwance tsohon hinjis ɗaya ya ba shi ya tafi da shi, don kwatance ta waya ba ya wadatarwa. Ramin da kan hinjis ke zama a ciki kusan ko'ina milimita 35 ne, zurfinsa kuma 11 zuwa 13. Sai dai tazarar sukuru biyun da ke gefensa ta bambanta: na Blum, kamfanin Ostiriya, 45 ne, na Hettich na Jamus 52, akasarin na Sin kuma 48. Idan ba ta zo daidai ba, a toshe tsofaffin ramukan da tsinke da gam, a huda sababbi.

Tsohon kabet mai shimfiɗaɗɗen hinjis irin na taga ba shi da wannan ramin, dole a fafe shi. Tsakiyar ramin ta kasance kusan milimita 22 daga bakin ƙofa, kuma kamar santimita 10 daga sama da ƙasa. Farantin hinjis da ke jikin kabet yana zama milimita 37 daga gaba in ƙofar ba mai shigewa ciki ba ce, sukurunsa biyu tazararsu 32. Katakon ƙofa in bai kai kaurin milimita 15 ba, kada a gwada, tsinin abin huda zai ɓullo ta fuska. Injin huda mai batir ya fi, ba sai an zauna jiran wuta ko an tayar da janareta saboda ramuka takwas ba.

Saiti kuwa sukuru uku ne, kowanne yana motsa ƙofar kamar milimita 2. Na kan faranti shi ke kai ta sama da ƙasa, da shi ake farawa. Na gaba, wanda ke kusa da ƙofar, yana kai ta hagu da dama, da shi ake daidaita tsagar da ke tsakanin ƙofofi biyu ta tsaya 2 zuwa 3. Na baya yana matso da ita ciki ko waje. Ƙofar da ke tsayawa saura kaɗan ta rufe, galibi ta matse da jikin kabet ne ta ɓangaren hinjis, sai a ɗan turo ta waje da na baya. A riƙa juyawa rubu'in zagaye kowane lokaci da sukundireba, ana rufewa ana dubawa. Kada a sa injin a nan, yana cinye kan sukuru nan take.

Babban aibin hinjis ɗin shi ne ba a ƙara masa ƙarfi ko a rage. Na Blum yana da ɗan maɓallin kashe riƙon a kan hinjis ɗaya, mai arahar ba shi da shi. Ƙaramar ƙofa mara nauyi in an sa mata biyu sai ta yi ta jan ƙafa kamar mai zuwa biyan bashi. A bar haidirolik ɗaya, ɗayan a sa na sifirin zalla mai lanƙwasa iri ɗaya. Ƙofar da ta wuce santimita 90 a tsawo kuma tana son uku. Yanayi ma yana taɓa shi: da zafin Afrilu man kan tsinke ƙofar ta ƙara sauri, da sanyin Janairu ya yi kauri ta rage. Wannan ba lalacewa ba ce. Lalacewa ita ce a ga maiƙo a jikin hannun, to man ya zube, sai canji. Na ƙarƙashin wurin wanke-wanke a nemi na ƙarfen da ba ya tsatsa. Kuma in katakon nan na garin katako ya sha ruwan damina ya kumbura, sukuru ba zai kama ba. A huda rami milimita 8, a cusa guntun itace da gam, ya kwana kafin a ɗaura.

Layin durowa mai rufe kansa, wato ƙarfen da durowa ke gudu a kai, shi ne ban cika ba da shawararsa a kicin ɗin karkara ba. Yana son fili milimita 12.7 a kowane gefe, wato akwatin durowa ya gaza bakin ramin da kusan 26, gaba da baya daidai. Kabet ɗin da ya yi tafiya a bayan akori-kura, aka ajiye shi kan daɓen da bai miƙe ba, da wuya ya riƙe wannan awon. Ga ƙurar hunturu da ke manne wa giris ɗin boris, durowa ta fara cijewa ta tsaya kafin ƙugiyar da ke ƙarasa jan ta ciki ta kama ta. Jawo ta ma ya fi na gama-gari tauri. Wanda ya riga ya sa, ya auna zurfin kabet ya ɗauki inci 14, 16 ko 18 daidai da shi, ya riƙa goge layin da busasshen tsumma, kada ya zuba man gyaɗa ko baƙin mai. In ƙugiyar ta goce durowa ta ƙi shiga, a tura ta da ɗan ƙarfi sau ɗaya har ƙarshe, za ta koma mazauninta.