Veronica Mars ya ci kuɗin turinsa, amma ba na kallon falo ba ne

In ka gaji da fassarar Indiya da na Koriyan nan da ƙannenmu suka addabi kowa da su, ka ce wa mai turi ya duba maka Veronica Mars. Tsohon shiri ne fa, 2004 ya fara fita a tashar UPN ta Amurka, shi ya sa masu turin unguwa da yawa ko sunan ba su taɓa ji ba, sai dai kasuwannin waya na Kano irin su Farm Centre ko Beirut Road a sauko maka da shi. Hoton ba tas-tas yake kamar na yanzu ba, kuma Turanci ne zalla mai gudu, in babu rubutun ƙasa rabin baƙar maganar wuce ka zai yi.

Veronica yarinya ce 'yar sakandare, Kristen Bell ta fito a matsayinta, a wani garin ƙirƙira mai suna Neptune a Kalifoniya inda mutum ko dai mai kuɗi ne ko yaron gidan mai kuɗi. An kashe ƙawarta Lilly Kane, baban Veronica, Keith, shi ne shugaban 'yan sandan garin, ya nuna yatsa ga uban Lilly wanda attajiri ne, kawai sai gari ya taso aka tuɓe Keith, uwar Veronica ta tattara ta gudu, ƙawaye suka watse. Sai uban ya buɗe ofishin bincike na kuɗi, ita kuma in an tashi makaranta tana taya shi.

Abin da ya riƙe ni ba wa ya kashe Lilly ba ne, zaman uban da 'yar ne wallahi. Mun saba a fim in yarinya ta shiga uku aikinta kuka, sai saurayi ko wani yaya ya zo ya fitar da ita. Nan tun kashin farko ita ce ta ciro wuƙa ta kwance wani sabon ɗalibi, Wallace, da 'yan babur suka ɗaure a sandar tuta, duk mazan makarantar na tsaye suna kallo. Mai harkar kwamfutar ma mace ce, Mac. Shi kuwa Keith shi ne uwa shi ne uba, yana mata faɗa, yana hana ta wasu abubuwan tana yi a ɓoye, amma in ta kawo magana sauraro yake kamar abokin aikinsa ne ya kawo, ba ya cewa ke mace me kika sani. Ni dai ban ga uban da zai bar 'yarsa a mota da kyamara tsakar dare a ƙofar otal tana ɗaukar masu cin amanar aure ba a garin nan, kafin asuba ma 'yan sintiri sun kawo ta gida, wannan kam nasu ne can. Amma sauraron ai ba na Bature kaɗai ba ne.

Wurin da ya fi ci min rai shi ne da aka zuba wa Veronica ƙwaya a abin sha wajen fati aka yi mata fyaɗe, da safe ta taka har ofishin sabon shugaban 'yan sanda, Lamb, da rigar jiya a jikinta, mutumin nan ya kalle ta ya mai da abin wasa ya sallame ta. Ko babanta ba ta faɗa wa ba. A makaranta ita aka sa wa sunan 'yar iska, samarin da suka halarci fatin, 'ya'yan masu kuɗi, ko gezau. Duk wanda ya taɓa jin an ce a rufa asiri kar yarinya ta rasa miji ya san ba sai an fassara masa wannan ba. Haka Weevil, shugaban 'yan babur ɗin, duk abin da ya ɓace shi ake fara kamawa don kakarsa aikatau take a gidan masu hali.

Inda ban ji daɗi ba, zango na uku da ta shiga jami'a an mai da 'yan ƙungiyar kare mata kamar mahaukata masu shirya ƙarya, abin ya ci karo da duk abin da aka gina a baya. Sannan Logan, yaron da ke shirya damben marasa galihu don nishaɗi, daga baya shi aka wanke ya zama abin so, 'yan mata na ta mutuwa a kansa, ni har yanzu bai kwanta min ba.

Akwai giya, fati da sumbace-sumbace, kar ka kunna gaban Hajiya ko yara, iyafis za ka sa. Zangon farko kashi 22 ne kuma shi ne gangariya, na biyu ba laifi sai dai zaren ya yi yawa. Na huɗun da Hulu ta fitar a 2019 kashi 8 ne, an girma an bar makaranta, ƙarshensa kuma ya ɓata wa masoyan shirin rai sosai, in data ta yi ƙasa shi za ka fara yafewa.