Zaman masu jiran maganin kansa a Damagaram

Ga mai ciwon kansa, wato ciwon daji, a Damagaram, jiran kiran zuwa Yamai, inda cibiyar ƙasa ta gasa kansa da na'ura ta fara aiki a 2021, yakan hana barci fiye da ciwon, shi ya sa nake yaba wa zaman da wata ma'aikaciyar jinya take shiryawa kowace Alhamis a unguwar Birni. Takan shimfiɗa tabarmi, ta karanta wa kowa takardarsa ta asibiti da Hausa, ta bayyana yadda gashin yake, har hankalin yayata, wadda ke cikin masu jiran, ya kwanta ta koma cin abinci. Ɗakin ya yi ƙanƙanta ƙwarai, kuma har yanzu ba a ware wa maza ranarsu ba.