Ka sha antibayotik da kanka ko ka jira sakamakon gwaji?

Mutum na jin zazzaɓi ko ciwon makogwaro sai ya lalubo ragowar amoksisilin, wani antibayotik (maganin kashe ƙwayoyin cuta na bakteriya), ya haɗiya, wai ai wancan karon shi ya yi masa aiki. Wannan hanyar akwai sauri, ba layi ba jira, amma fa iya amfaninta kenan. Mura dai bairos ne ke kawo ta, antibayotik ba abin da yake yi masa, sai dai ya kashe bakteriya masu rauni a jikinka ya bar masu taurin kai su yi ta hayayyafa, har suna iya miƙa wa junansu wannan juriyar, ran da ciwon gaske ya zo maganin ya zama kamar ruwa. Alexander Fleming da ya gano antibayotik ɗin fenisilin a 1928 tun 1945 ya yi gargaɗi kan shan maganin da bai kai kima ba.

Gwaji kuwa gaskiya akwai gajiya, a ɗebi fitsari ko jini a shuka a lab (ɗakin gwaje-gwaje) don ƙwayar cutar ta tsiro a gan ta, kwana 2 zuwa 3 kana jira. Amma sakamakon zai nuna wace ƙwayar cuta ce kuma wane magani ne har yanzu yake cin ta. In ciwon ya tsananta likita kan fara ba da magani kafin sakamako ya fito, daga baya ya canja in da buƙata.

Ni dai wallahi ina tare da gwaji. A 2019 kaɗai an ƙiyasta mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda bakteriyar da ta daina jin magani, abin yana tayar min da hankali sosai.