Windy: wajen hazo ba ta da tamka, ruwan damina kuma sai ka haɗa da ido

Jama'a masu tambaya ta wace manhaja nake duba yanayi, Windy ce, ta wani kamfani a ƙasar Czech, tun 2014 take, kuma kyauta ake sauke ta sai dai in kana son ƙarin abubuwa ka biya. Abin da ya sa na manne mata shi ne taswirar nauyin iska, ba wai kawai ta ce maka gobe rana ko gajimare ba, a'a za ka ga iskar da kanta tana gudu a kan taswira kamar ruwan rafi.

In ka kunna layukan nauyin iska za ka ga lambobi a jikinsu, 1013 shi ne matsakaici, sama da haka iska ta yi nauyi, ƙasa da haka ta yi sauƙi, kuma kullum daga wurin nauyi take turowa zuwa wurin sauƙi. Inda layukan suka matsu da juna to nan iska ke kaɗawa da ƙarfi, shi ke nan karatun wlh.

A hunturu abin yake burge ni. Daga Disamba zuwa Fabrairu ka riƙa leƙa saman Libiya da Aljeriya, da ka ga lambobin sun haura, layuka sun cushe wajen arewacin Chadi, to iskar arewa maso gabas za ta kwaso ƙurar kwarin Bodele can kusa da Faya, kwana ɗaya ko biyu sai ga hazo ya rufe Maiduguri da Kano, leɓe ya tsage, jirage su fara jinkiri. Akwai ma shafin ƙura daban, kana ganin ta ja-ja tana gangarowa. Mai asma a gida ko mai shirin tafiya gaskiya wannan kaɗai ya ishe shi dalilin saukewa.

Damina kuma wata magana ce. Taswirar za ta nuna maka iska ta yi sauƙi a arewacin Mali saboda zafin Sahara, tana jawo danshin teku daga kudu, wannan daidai ne, amma mu nan kusa da tsakiyar duniya nauyin iska ba ya wani canzawa sosai kamar Turai, kuma hadarinmu na unguwa-unguwa ne, a sheƙa a Fagge Hotoro ko ɗigo. Don haka ni shafin tauraron ɗan adam nake buɗewa in duba gabas, in curin gajimare ya taso daga wajen Chadi ko Borno yana yowa yamma to a kwashe shanya.

Akwai zaɓin hasashen ECMWF na Turai da GFS na Amurka, ka gwada duka biyun, in sun saɓa kar ka yi saurin zuba taki, jira sanarwar NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, tukuna.