Manhajar da Take Maido Maka da Kalmar Sirri da Wadda Take Sa Ka Ƙirƙiro Sabuwa

Wani ɗan'uwa ya ce ya manta kalmomin sirrinsa a manhajoji biyu. Ta farko ta aiko masa da tsohuwar kalmarsa a imel, harafi da harafi, ta biyu kuwa ta ce lallai sai ya ƙirƙiro sabuwa, abin da har ya ɓata masa rai. Yana son sanin wadda ta fi aminci.

Malam, ta biyun ce. Manhajar da ta iya maido maka da kalmarka ta tona wa kanta asiri, domin hakan yana nufin tana riƙe da ita yadda za a iya karantawa, ko dai a rubuce a fili, ko a kulle da mabuɗin da yake hannun kamfanin. Duk wanda ya kai ga rumbun bayananta, ma'aikaci ne ko ɗan kutse, zai ga abin da ka gani a imel ɗinka. Haka aka yi wa wani kamfanin manhajoji mai suna RockYou a 2009, aka kwashe kalmomin sirri sama da miliyan 32, kowace a rubuce yadda mai ita ya shigar da ita.

Ta biyun, idan an gina ta yadda ya kamata, ita kanta ba ta san kalmarka ba. Ranar da ka yi rajista ta niƙa kalmar da wani lissafi wanda ba ya komawa baya, ta adana sakamakon kaɗai, kuma duk lokacin da ka zo shiga sai ta niƙa abin da ka rubuta ta gwada da na ajiye. Sai dai niƙan ma hawa-hawa ne. Dandalin LinkedIn ya yi amfani da wani lissafin niƙa mai suna SHA-1 ba tare da abin da masana suke kira gishiri ba, wato wasu haruffan da ake haɗa wa kalmar kowane mutum daban, domin kada mutane biyu masu kalma ɗaya su samu sakamako ɗaya. Da niƙaƙƙun kalmominsa kimanin miliyan 6.5 suka fita a 2012, an warware mafi yawansu cikin 'yan kwanaki, saboda SHA-1 yana da sauri ƙwarai, kuma saurin nan ɓarawo yake yi wa amfani, domin yana ba shi damar yin ta canki-canka, yana niƙa kalmomi masu ɗimbin yawa har ya dace da wadda sakamakonta ya zo daidai. Shi ya sa aka fi yarda da lissafan niƙa irin su bcrypt da Argon2, waɗanda da gangan aka sa su yi aiki a hankali.

Akwai inda kwatancin bai zo daidai ba. Halin ta farko tabbatacciyar shaida ce ta sakaci, amma halin ta biyu alama ce kawai. Facebook ba ya maido wa kowa tsohuwar kalma, duk da haka a 2019 ya amsa cewa kalmomin sirri na ɗaruruwan miliyoyin mutane sun zauna a fili cikin bayanansa na cikin gida, har hukumar kare bayanai ta ƙasar Ayalan ta ci Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, tarar Yuro miliyan 91 a 2024.

Kalmar da aka aiko maka a imel kuwa, ka ɗauka ta riga ta fita. Ka canza ta a duk inda ka taɓa maimaita ta, ka fara da imel ɗin kansa, domin ta cikinsa ake sake kalmomin sauran asusunka, sannan ka kunna tantancewa mai mataki biyu, wato a riƙa neman wata shaida ta biyu, kamar lambar da ake turo maka a waya, bayan kalmar sirri.