Neman mafita ko gyaran tunani: wanne ya dace da mai fama da shaye-shaye?

Iyaye da dama suna tambayata wace hanyar jinya ta zance ta fi dacewa da ɗansu mai shan kodin ko taramol, zaman neman mafita ko zaman gyaran tunani da hali.

Neman mafita ya samo asali daga aikin Steve de Shazer da Insoo Kim Berg a birnin Milwaukee na Amurka a shekarun 1980. Mai ba da shawara ba ya tsayawa tonon abin da ya wuce. Yakan tambayi matashin ranar da ya wuni bai sha ba da abin da ya yi daban a ranar, sannan ya ce ya auna kansa daga 0 zuwa 10. Idan ya ce 4, sai su nemo abin da zai kai shi 5. Zaman ba yawa, don haka aljihu na samun sauƙi.

Gyaran tunani, wanda Aaron Beck ya assasa a shekarun 1960, yakan ci zama 12 zuwa 20, ga kuma aikin gida na rubuta abin da ke tayar da sha'awar ƙwaya. Ya fi tsada da wahala, amma binciken da ya tabbatar da amfaninsa ya fi yawa, musamman ga ciwon damuwa da fargaba.

Babu wanda ke maye gurbin likita idan jiki ya riga ya kamu, domin yanke ƙwaya farat ɗaya na iya kayar da mutum.

Wanda bai yi nisa ba, kuma ba ya son dogon tone-tone, neman mafita zai fi karɓarsa. Wanda ya daɗe yana dainawa yana komawa, ko damuwa ta haɗe masa da shan, gyaran tunani ya fi dacewa da shi.