Sharhi kan darasin duwatsu na hutu da ake yi wa ɗaliban injiniya a ƙasar Kiyawa

Duk ɗalibin injiniyan gine-gine da ke shawarar ko ya biya kuɗin darasin nan na hutu, ni dai na ce ya biya, amma ya san abin da zai samo da abin da ba zai samo ba. Wani dattijo ne ke shirya shi, masanin jiyoloji, wato ilimin duwatsu da abin da ke ƙarƙashin ƙasa, wanda ya yi ritaya bayan ya daɗe a aikin haƙar rijiyar burtsatse. Babu ofis, babu allo. A zauren gidansa ake kwana a wani ƙauye na ƙasar Kiyawa, gari na wayewa a shiga tsohuwar bas a nufi daji. Kuɗin ya haɗa da mota da abincin rana, guduma da madubin ƙara girma kuwa aro yake bayarwa. Baba muke ce masa, shi kuma ya ce mana samari, har da 'yan matan da ke cikinmu.

Darasin gaba ɗaya a kan magana ɗaya ya ginu: Jigawa ƙasa biyu ce. Kudu da yamma, wajen Birnin Kudu da Gwaram da Dutse da Kazaure, haka ma mafi yawan Kano, suna zaune ne a kan tsohon dutsen gindi, giranit da danginsa, wanda mafi yawansa ya haura shekara miliyan 500. Arewa maso gabas kuwa, su Haɗeja da Malam Madori da Birniwa da Gumel, wannan dutse ya nutse can ƙasa, shimfiɗar yashi da yumɓu ta kwarin Tafkin Chadi ta rufe shi. A makaranta an nuna mana wannan a taswira da launi biyu, muka haddace muka rubuta a jarrabawa. Baba da ƙafa ya kai mu, kuma ba a bar wuri sai kowa ya faɗi wace ƙasa yake tsaye a kai da irin harsashin da zai yi in an ba shi gini a wurin.

Sashen gane ma'adinai ya yi shi da sauri, kuma ya isa. Ma'aunin tauri na Mohs, wanda aka fitar a 1812, ya mayar da shi abin aljihu: farce 2.5, bakin wuƙa kusan 5.5, felsfa 6, ƙanƙarar dutse 7, waɗannan biyun na ƙarshe ma'adinai ne da ke cikin giranit. Abin da wuƙa ta kasa karta, kuma shi ya karci gilashi, ka fara zargin ƙanƙara. Ya zo da kwalbar ruwan asid mai rauni da guntun farar ƙasa a jaka don mu ga yadda take tafasa, tunda duwatsun yankin ba sa amsawa. A Birnin Kudu mun leƙa zanen mutanen zamanin da a Dutsen Habude da Dutsen Mesa, amma hankalinsa ba a kan zanen yake ba, a kan yadda giranit ke ɓarewa falle-falle kamar albasa yake, da tsagogin da suka ratsa shi.

Inda kuɗina ya fita shi ne wani babban ramin da 'yan kwangila suka ɗebi burji suka bari. Bangon ramin ya fi tsayin mutum sau biyu, kuma komai a bayyane yake. Sama baƙar ƙasar noma, ba ta fi kamu biyu ba. Ƙarƙashinta jar marmara mai tsakuwa. Ƙasa da ita wata ƙasa mai rodi-rodi, ja da fari, sannan ruɓaɓɓen dutse wanda a ido giranit ne sak, amma kana murza shi ya zube a tafin hannu. Baba ya sa kowa ya murza ya dubi abin da ya rage. Ƙwayoyin da ke sukar hannu ƙanƙara ce, ruwa bai iya da ita ba. Farin garin kuwa felsfa ne da ruwan sama ya ci tsawon zamani ya mayar da shi farin yumɓu. Jan launin tsatsar ƙarfe ce, ita ce ke taruwa a sama ta daskare ta zama marmara, irin wadda ta rufe kan Dala da Goron Dutse a Kano. Ashe yashin da muke auna wa kankare da yumɓun da muke gudu a harsashi duk daga dutse ɗaya suke fitowa.

A tsakiyar wannan ruɓaɓɓen dutse akwai wasu mulmulallun duwatsu masu ƙarfi, sun maƙale a bango. Nan Baba ya daɗe. Ruwa ta tsagogi yake bi, ya cinye gefe da kusurwa ya bar tsakiya lafiya lau. Mai haƙar gwaji sai bakin injinsa ya faɗa kan ɗaya daga cikinsu, ya rubuta cewa an kai ga dutsen gindi, injiniya ya ɗora ƙafar gada a kai, alhali ƙarƙashinsa ƙasa ce mai laushi. Shi ya sa ake huda dutsen a ci gaba kamar mita 3 kafin a yarda da shi. Wani a cikinmu ya ce, "Baba, ai wannan ƙarin kuɗi ne, mai aiki ba zai yarda ba." Ya ce, "Samari, in ya ƙi, ku sa ya ƙi a rubuce."

A kan marmara ma ya yi mana gyara mai amfani. Ba kowace jar ƙasa ce ta hanya ba. Rami ɗaya zai ba ka mai tsakuwa a sama da mai yumɓu a ƙasa, direban katafila kuma ba ruwansa, haɗawa yake ya loda wa tifa. Ƙa'idar hanyoyin tarayya tana neman CBR, wato ma'aunin ƙarfin ƙasa wajen ɗaukar nauyi, ya kai 80 a shimfiɗar da kwalta za ta hau, 30 a wadda ke ƙarƙashinta, kuma ba a gane wannan da ido. Abin da ido da hannu za su iya shi ne su hana ka kai tarkace ɗakin gwaji: ka jiƙa ƙasa ka murza ta ta zama zare mai kaurin milimita 3, in ta miƙe ba ta karye ba, yumɓunta ya yi yawa.

Da muka tsallaka arewa sai duwatsu suka ɓace. A jigayin Jahun yashin lallausa ne, ƙwayoyinsa kusan girma ɗaya, iska ce ta tara shi lokacin da yankin ya fi yanzu bushewa. Ni ɗan ƙasar Kafin Hausa ne, na tashi ina ganin masu bulo na ɗibarsa saboda yana kusa kuma ba a saye, siminti yake sha kawai, bulon ya riƙa zubar da gari. Yashin kogi mai kaifi shi ne na kankare. A fadamar Auyo kuma baƙin yumɓu ne da ke dararrashewa da rani har hannu ya shiga, damina ta zo ya kumbura. Ginin da aka yi wa gajeren harsashi a kansa, duk shekara ana ɗaga shi ana sauke shi, bango ya tsage daga kusurwar taga. Mun ga alamar inda ambaliyar 2022 ta tsaya a jikin gine-gine, ya ce wannan layin ya fi kowace taswira gaya maka tsayin da daɓen gini zai kai.

Maganar ruwan ƙasa sana'arsa ce, ya kuma warware ta tsaf. A ƙasar dutse ruwa na zama ne a ruɓaɓɓen sashe da cikin tsagogi, shi ya sa burtsatse biyu a unguwa ɗaya, wannan ta cika tanki waccan ta ba da ƙura. A shimfiɗar Chadi ruwan na cikin yashi tsakanin yumɓu da yumɓu, matsalar ba samunsa ba ce, hana yashi shiga famfo ce, sai an sa bututu mai rariya an zuba masa tsakuwa a gefe.

To, ga inda bai gamsar da ni ba. Na'urar auna ƙasa da lantarki da ya yi alkawarin za mu gwada, batirinta ya mutu, sai bayani muka sha a gindin kuka. Kamfas, wato na'urar nuna alƙibla, ɗaya ne tal, don haka auna karkatar shimfiɗar dutse da inda ta dosa, abin da ake bukata wajen yankan tudu don hanya, yawancinmu kallo muka yi. Kazaure ce ta dace da wannan darasi saboda duwatsunta masu falle, amma ba a je ba, wai man mota. Madatsun ruwa ma a baki aka tsaya: ya ambaci Tiga da aka gama a 1974 da ɓallewar Bagauda a watan Agustan 1988, ya wuce. Abin da ya fi damuna shi ne wurin fasa dutse da ya kai mu babu hular kwano babu takunkumi, ƙurar giranit kuwa tana lalata huhu. Na faɗa masa, ya ce za a gyara. Takardar da yake rabawa ma hoton tsohon rubutu ce, rabinta ba ta karantuwa.

Wanda ya riga ya yi kwas ɗin jiyoloji da na kimiyyar ƙasar gini a aji shi zai fi cin moriya. Ɗan aji ɗaya zai sha rana ne kawai. A je bayan kaka, lokacin ramuka sun bushe, fadama ta fara tsagewa, zafin bazara bai sauko ba. A tafi da takalmi mai rufi, da hular kwano ko ta aro ce, da littafi mai kauri, da ledoji na zuba samfur. Kafin a biya kuma a tambaye shi ko an gyara na'urar nan, da ko Kazaure na cikin tafiyar bana.